Limancin da Na Yi a Kan Bahar Maliya

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta da ita. Ranar ce na kusa raba wani bawan Allah da duniya, kuma ba da mota ba, ba da makami ba, da salla. Na daɗe ina ɓoye wannan labari. Idan hira ta biyo ta kansa sai in ce ai tsautsayi ne. To, ba tsautsayi ba ne, ni ne.

A Madina aka haife ni, a unguwar Ƙuba. Kakana ne ya taso da ƙafa daga ƙasar Katsina ya zo aikin hajji, ya yi ziyara, ya ce shi kam ya iso gida. Sana'ata a lokacin, wato wajen ƙarshen shekarun casa'in, ita ce rakiyar alhazai ziyara. Muzawwiri ake ce mana. In ɗebi alhazan Najeriya da Nijar a mota, in kai su Ƙuba, in kai su masallacin Ƙiblatain mai alƙibla biyu, in kai su Uhudu, ina karanta addu'a suna maimaitawa. Dattawa sa'o'in babana suna riƙe hannuna suna cewa, “Ustaz, a sa mu a addu'a, kai ɗan Madina ne.” Gaskiyar magana kuwa karatuna bai kai ya kawo ba. Murya gare ni, da haddar wani ɗan littafin addu'o'i, da farar jallabiya mai guga. Amma idan mutum ya shekara goma yana cewa “ku ce” mutum arba'in suna cewa, wani abu yana lalacewa a kansa ba tare da ya sani ba.

Bayan alhazai sun watse gari ya yi shiru, sai abokina Faisal ya ce mu je garin Yanbu'u da ke bakin Bahar Maliya kamun kifi. Tare muka taso da Faisal, shi ma jikan Hausawa ne, direba ne, kuma ba shi da wata hira sai ta teku. Yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa, sai in ya tsorata ko ya fusata ne Hausar kakarsa take fito masa. Ni kuma na gayyaci Haruna, telan da yake ɗinka mini kaya a unguwar Anbariyya. Mutumin Chadi ne, mai sanyin hali, wanda ba ya haɗa ido da ni don girmamawa. Sati ɗaya ke nan da aka yi sunan 'yarsa ta fari, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne ya kawo wa maijego ɗanyen kifi.

“Amma Ustaz, ni fa ban iya ruwa ba,” in ji shi.

“Haba Haruna, ba tare da ni kake ba?” na ce.

(Ni da nake wannan magana, duk iyona a duniya bai wuce na birka, wato ɗan tafkin ban-ruwa, a gonakin dabinon Ƙuba ba, inda ruwa yake tsaya wa yaro a ƙirji.)

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, hantsi bai yi zafi ba muka isa gaɓa. Su biyun sun sa tsofaffin riguna da wanduna. Ni kuwa na fito da farar jallabiya da mayafin kai, har da ɗan turare, kamar wanda za shi ɗaurin aure.

Jirgin ƙarami ne mai inji ɗaya a baya, tsawonsa bai fi taku bakwai ba, faɗinsa kuwa in ka miƙa hannu biyu ka kusa taɓa gefe da gefe. Na wani abokin Faisal ne, amma mai tuƙa shi wani dattijo ne Bahaushen Sudan, mutumin Bor Sudan, ana ce masa Rayyis Adam. Baƙi ne siriri, rana ta gasa shi, ba ya son doguwar magana. Kafin mu taka jirgin sai da ya duba mai, ya duba ruwan sha, ya je wajen askarawan gaɓa ya faɗa musu mu nawa ne da lokacin da za mu dawo. Sannan ya miƙo wa kowa rigar ceto, irin mai ruwan lemo ɗin nan da take hana mutum nutsewa.

“Ku ji, 'ya'yana,” ya ce. “Riga ba a cire ta sai an taka ƙasa. Ba mai miƙewa tsaye sai na ce. In za ka matsa, ka faɗa, kuma hannu ɗaya yana riƙe da jirgi. Halas, wannan ne kawai.”

Haruna ya ɗaure tasa tamau har tana tokare masa haɓa. Ni na zura tawa a kan jallabiya, na ji tana warin kifin bara, muna barin gaɓa na zare ta na zauna a kai. Rayyis ya gani. Ya ce in mayar, na ce to, ban mayar ba.

Mun yi tafiyar kusan sa'a guda har duwatsun gaɓa suka koma kamar hayaƙi, sannan ya kashe inji kusa da wani wuri mai duwatsun ƙarƙashin ruwa, ya jefa burusi, wato ƙarfen da yake riƙe jirgi a wuri ɗaya. Daga nan ranar ta fara juya mini baya. Na farko dai cikina ya hautsine, na amayar da shayi da burodin da na karya da su, rabin abin a kan hannun jallabiyata. Da na ɗan farfaɗo na jefa fatsa, zarena ya harɗe da na Faisal. Aka warware, na sake jefawa, ƙugiyar ta maƙale a dutse sai da aka yanke. Duk motsin da na yi sai in ji muryar Rayyis: “Ba haka ba, Ustaz.” “Sassauta, Ustaz.” “Zauna daidai, Ustaz, kana karkata mana jirgi.” Bai faɗa da raini ba, amma ni ban saba a gyara mini ba, balle a gaban telana.

Haruna kuwa kamar kifin sun san da maganar maijego. Ya kama wani kifi da ake ce wa sha'ur guda biyu, sannan ya jawo wani jan kifi mai ɗigo-ɗigo da suke kira najil, wanda Faisal ya ce shi ne sarkin kifin tekun nan. Ban taɓa ganin Haruna yana dariya haƙora waje ba sai ranar. Na ce masa barka, amma a raina ban ji daɗi ba. Na faɗa ne don a san irin zuciyar da na shiga azahar da ita.

Da rana ta karkata na duba agogo, sai na ji wani sanyi a raina. Ga fagen da ba wanda zai ce mini “ba haka ba.” Na gyara murya na ce lokacin salla ya yi. Rayyis ya ɗebo mana ruwan teku da bokiti don kada wani ya leƙa gefe, muka yi alwala ɗaya bayan ɗaya. Na zaro ɗan kamfas ɗin alƙibla da muke sayar wa alhazai, na ɗora a tafin hannu, na ga alƙibla ta faɗo ta gefen jirgi. Na ce ni zan tsaya a wannan gefe, su biyu su yi sahu a bayana ta wancan gefen.

“A zaune za ku yi, ɗana,” in ji Rayyis. “Kowa a inda yake. Ko kuma ku bari mu fita tudu ku haɗa ta da la'asar, ai ku matafiya ne.”

Na san maganarsa tana da hanya. Wallahi na sani, na sha jin malamai suna faɗa. Amma ba daga bakinsa nake son ji ba.

“Tsayuwa rukuni ce a farilla, Rayyis,” na ce.

“Ga mai iko.”

“To mu me ya same mu? Ƙafafunmu lafiya lau.”

“Ƙafafunku lafiya, ƙasar da kuka taka ce ba lafiya. Shekara arba'in ina salla a kan ruwan nan.”

Sai na ce (kuma har yau in na tuna sai in runtse ido), “Ashe shekara arba'in kana kuskure. Ni a Madina aka haife ni, kullum ina Ƙiblatain ina koya wa mutane. Ka bar mana maganar salla, kai ka riƙe injinka.”

Faisal ya ce mini da Larabci, “Ya shehi, ka ji tsoron Allah, sa'an babanka ne.” Rayyis baƙo ne a ƙasar, jirgin ba nasa ba ne, mu kuma abokan mai jirgi ne masu takardun 'yan ƙasa. Na san wannan, kuma da shi na taka shi. Can ya ce, “Ɗayyib, to shi ke nan. Ni zan yi tawa daga baya.” Ya matsa jikin inji, ya jawo wata jarka marar komai kusa da ƙafarsa, ya zuba wa teku ido. Ni a lokacin na ɗauka fushi ne da taurin kai.

Haruna ya miƙe yana tangaɗi, ya ce, “Ustaz, da rigar zan yi?”

Na dubi rigar. Duk ta ɓaci da jinin kifi da yauƙi. Na ce, “Da wannan ƙazantar za ka tsaya gaban Ubangijinka?”

“Haruna, bar ta a jikinka,” in ji Rayyis, a karon nan da ƙarfi.

Haruna ya dubi dattijon, ya dube ni. Yanzu na fahimci abin da na sa shi a ciki: mai jirgi a gefe guda, ɗan Madina a gefe guda, kuma magana ce ta salla. Ya kwance igiyoyin a hankali, ya ninke rigar ya ajiye a kan akwatin ƙanƙara. Faisal ya ce shi kam ba zai cire tasa ba, in na ga dama in kai ƙararsa.

Na tayar da iƙama da muryar da nake ji da ita, na kabbara. Jirgin ya riga ya karkata ta wajensu, tunda su biyu ne ni ɗaya, kuma bayan ƙafafunsu yana jingine da bakin jirgin, wanda bai kai musu gwiwa ba. Ni ban ga wannan ba, na ba su baya. Ina cikin karatun sura a ɓoye, ina buɗe ƙafa ina neman daidaito, sai na ji Rayyis ya ɗaga murya.

“Ku zauna! Igiyar ruwa! Ku zauna!”

Ashe wani ƙaton jirgin dakon mai da ya wuce can nesa ɗazu, sai yanzu ruwan da ya turo yake isowa gare mu. Na ji kiran Rayyis da kunnena. Maimakon in zauna, sai na ɗaga murya sama da tasa na ce “Allahu akbar,” na tafi ruku'u, su ma suka bi ni. Gefen da nake ya ɗaga sama, nasu ya nutsa. Gwiwata ta bugi katako, na dafe. A bayana na ji wani ɗan gajeren sauti daga bakin mutum, sannan na ji faɗawar abu mai nauyi cikin ruwa.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Na ji faɗawar nan, kuma na san mene ne. Ba kifi ba ne, ba bokiti ba ne. Amma ban ɗago ba. Na ci gaba da ruku'una, na yi tasbihi sau uku cif, domin in na katse sallar a nan to na yarda dattijon nan ya fi ni gaskiya. Tasbihi uku ba wani lokaci ba ne, amma a cikinsa na auna ran mutum da girman kaina, kuma na ga wanda ya rinjaya. Ba khushu'i ba ne ya riƙe ni, kunya ce.

Faisal ne ya fizgo ni, yana ihu da Hausa tsantsa: “Ya faɗa! Haruna ya faɗa ruwa! Wayyo Allah, ya faɗa!”

Da na juya, Haruna ya riga ya yi nisan taku biyar ko shida, ruwa yana janye shi. Kansa ya fito, bakinsa a buɗe amma ba ihu, hannuwansa suna dukan ruwa. Ni a zatona mai nutsewa kururuwa yake yi. Ashe ba ya samun numfashin da zai yi ta. Jarkar nan tana yawo kusa da shi, domin Rayyis ya jefa ta tun kafin in gama tasbihina.

Sai jarumta ta zo mini a makare. Na ɗora ƙafa a bakin jirgi zan faɗa. Wani hannu kamar ƙarfe ya damƙi jallabiyata ta baya ya maka ni a kan benci.

“Zauna! In ka shiga gawa biyu zan kai gaɓa. Nuna shi da hannu. Kada ka ɗauke ido daga kansa ko da ƙiftawa.”

Na miƙa yatsa ina nuna Haruna. Rayyis ya ce wa Faisal kada ya tsaya jawo burusi, ya kwance igiyar ya ɗaura mata wani abu mai yawo ya sake ta a ruwa. Abin da hannun Faisal ya fara kaiwa gare shi rigar cetona ce da na wuni ina zaune a kai. Ita aka ɗaura. Rayyis ya ja igiyar inji sau ɗaya bai tashi ba, ya sake ja ya kama.

Ban san kan mutum ƙaramin abu ba ne sai ranar. Igiyar ruwa ta ɗago shi in gan shi, ta sauke shi ya ɓace, in ci gaba da nuna wurin ina roƙon Allah ya sake fitowa a inda yatsana yake. Cikin wannan hali ba abin da yake zuwa mini sai fuskar jaririyar da na yi wa addu'a ranar suna, da tunanin wane baki zan buɗe in gaya wa uwarta cewa ni na ce ya cire rigar. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba, kuma ba na fatan in sake ji.

“Haruna! Jarka! Rungume jarkar!” Rayyis yake kira. “Kada ka yi iyo, rungume ta kawai!”

Sau biyu hannunsa yana zamewa. A na uku ya sami mariƙin, ya ƙanƙame ta a ƙirji. Rayyis bai nufe shi kai tsaye ba, sai da ya zagayo ta yadda iska ba za ta tura jirgin a kansa ba, kuma kafin mu isa ya kashe inji don kada farfela ta sare shi. Na yunƙura zan taimaka a jawo shi, Rayyis ya ce, “Kai koma wancan gefen ka zauna, kada mu kife.” Shi da Faisal suka kama shi ta hamata da ƙugun wando suka mirgino shi ciki. Ni kuma ina can ɗaya gefen a zaune. Duk aikin ceton nan, amfanin da aka samu a jikina shi ne yatsa ɗaya da nauyi.

Suka kwantar da shi a gefensa, ya yi ta aman ruwan gishiri yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Leɓɓansa sun yi fari. Rayyis ya lulluɓe shi da wani tsohon bargo, ya sa masa rigar ceton da hannunsa ya ɗaure, sannan ya ɗauko wata daga ƙarƙashin benci ya jefo mini ba tare da ya dube ni ba. Na sa ta, na ɗaure kowace igiya. Muka koma muka ɗauki burusi, muka nufi gaɓa.

Rayyis ya dage sai an kai shi asibiti, ya ce ruwan da ya shiga huhu yana iya kayar da mutum bayan an ɗauka ya tsira. Aka duba shi a wani ƙaramin asibiti kusa da gaɓa, aka riƙe shi na ɗan lokaci, aka sallame shi. Daga nan muka shiga wani masallacin masunta don mu haɗa azahar da la'asar, wato abin da aka ce mu yi tun farko. Faisal, ko don sabo ko don mugunta, ya nuna mini gaba ya ce, “Tafaddal, ya Ustaz,” wato bismilla in ja su. Na ja da baya. Rayyis Adam ne ya ja mu, da wandonsa mai gishiri, ni kuma ina bayansa da jallabiya mai amai.

Bayan sallama na matsa kusa da shi na ce, “Baba, ka yafe mini abin da na faɗa maka.”

Ya gama lazuminsa tukuna, sannan ya ce, “Ni ba komai, ɗana, ba ni ka jefa a ruwa ba.” Ya miƙe ya ɗauki takalmansa. A bakin ƙofa ya juyo ya ƙara da cewa, “Madina tana da daraja. Amma teku ba ta tambayar inda aka haifi mutum.”

Muka kamo hanyar gida rana tana sanyi. Haruna yana kujerar baya, ni ina gaba ina ta shirya kalmomin da zan ba shi haƙuri da su, ina rushewa ina sake ginawa. Mutumin da yake magana da alhazai arba'in ba gargada ya kasa juyawa ya dubi tela ɗaya. A Badar muka tsaya, Faisal ya fita neman shayi, aka bar mu mu biyu a mota. Na buɗe baki ke nan sai ya riga ni.

“Ustaz,” ya ce da dusasshiyar murya, “don Allah ka yafe mini. Na ɓata muku salla.”

Ya ɗauka fushi nake yi, sai ya ci gaba.

“Ƙafata ce ba ta da ƙarfi. Amma ka san, da ina cikin ruwan, da na ga kamar shi ke nan, sai na ce to alhamdu lillahi, ko ba komai a cikin salla na tafi, kuma a bayan ɗan Madina.”

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kifa kai a gaban mota na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifina. Da na samu kaina na juya na gaya masa komai. Na ce Rayyis ne yake da gaskiya kuma na san haka tun kafin in kabbara. Na ce jinin kifi ba ya hana salla, ni ne na ƙirƙiro maganar ƙazanta don in nuna ni ma na isa. Na ce na ji gargaɗin na take shi da kabbara. Sannan na gaya masa maganar tasbihi ukun, wadda ba wanda ya sani sai ni da Allah, kuma da na yi shiru da har abada ba zai sani ba.

Ya daɗe yana kallon hannuwansa. A karon farko tun da na san shi ya ɗago ya dube ni ido cikin ido.

“Ka ji faɗuwata?” ya ce.

“Na ji.”

“Ka ci gaba?”

“Na ci gaba.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Faisal ya dawo da shayi, Haruna ya karɓa da hannu biyu, ya kurɓa, ya ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya.” Da muka iso Madina muka sauke shi a ƙofar gidansa da kifinsa.

Haruna bai tona mini asiri ba. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa abokan sana'arsa ba, kuma ya ci gaba da ɗinka mini kaya, yana gaishe ni da mutunci kamar da. Abu ɗaya ne ya canza. Akwai wani ɗan masallaci kusa da shagonsa inda in na je akan tura ni gaba. Tun daga ranar, duk lokacin da aka tura ni, sai in lura Haruna ya tuna da wani ɗinki da bai gama ba, ko alwalarsa ta ɗauki lokaci, sai an sallame ya zo ya yi tasa tare da waɗanda suka makara. Bai taɓa cewa komai ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Ya yafe mini, na yarda da wannan, amma bai sake ba ni amanar tsayawa a bayana ba, kuma ban ga laifinsa ba. Daga baya ni da kaina na daina yarda a tura ni gaba a masallacin, don bawan Allah ya riƙa samun jam'insa.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne, kowane masunci ya san shi tun yana yaro, ni ne sai da aka kusa yin jana'iza kafin ya shiga kaina. In ka hau jirgin mutum, ka sa rigar ka ɗaure, ka zauna inda ya ce, kuma in ya ce zauna kada ka tsaya kawo masa hujja, ko da a ina aka yanke maka cibiya. Na sake komawa teku sau da yawa bayan wannan, har na iya kama kifi daidai gwargwado. In azahar ta same mu a kan ruwa, mai jirgi nake tambaya yadda za a yi. Yawanci a zaune nake yin ta, hannu ɗaya kusa da katako, da rigar ceto har wuya tana warin kifi, kuma har yau ban ji malamin da ya ce in rama ba.